Gwanjon Zaure ko Gwanjon Intanet: Ina Ya Fi Dacewa a Sayi Tsohuwar Mota Mai Daraja, ko a Sayar da Ita?

A watan Janairun 2020, a garin Kissimmee da ke jihar Florida ta Amurka, kamfanin Mecum ya yi gwanjon wata koriyar Ford Mustang ƙirar 1968, wadda ɗan wasa Steve McQueen ya taɓa tuƙawa a fim. Guduma ta faɗi a kan dala miliyan 3.4, amma abin da ya fita daga aljihun mai sayen dala miliyan 3.74 ne. Dala 340,000 da ke tsakani la'adar gidan gwanjo ce, wato kashi 10 cikin 100 da ake ɗorawa a kan tayin ƙarshe. Duk wanda yake da niyyar sayen tsohuwar mota mai daraja, ko kuma yake da ita yana son rabuwa da ita, daga wannan giɓin ya kamata ya fara lissafi, domin farashin da ake shelantawa ba shi ne mai saye yake biya ba, kuma ba shi ne mai mota yake komawa gida da shi ba.

Hanya biyu ce a gaban mai wannan niyya a yau. Ta farko ita ce gwanjon zaure, inda ake tara motoci a wuri guda, a buga kundi mai ɗauke da hotuna da tarihin kowacce, sannan a riƙa shigo da su ɗaya bayan ɗaya gaban mai guduma. Manyan gidajen wannan harka sanannu ne: RM Sotheby's, da Gooding wanda Christie's ya saya a 2024, da Bonhams na Landan, da Artcurial na Faris, sai Barrett-Jackson da Mecum waɗanda ƙarfinsu ya fi a motocin Amurka. Shekararsu zango-zango take: Janairu a Scottsdale da Kissimmee na Amurka, wajen Fabrairu a Faris lokacin baje kolin Rétromobile, tsakiyar shekara a Goodwood ta Ingila, sannan Agusta a Monterey ta Kalifoniya, inda ake cinikin da ya fi kowanne nauyi. Hanya ta biyu ita ce gwanjon intanet, wanda dandalin Bring a Trailer na Amurka ke ja-gaba a cikinsa tun da ya fara gwanjo a 2014, har cinikin da aka yi ta hannunsa a 2022 ya haura dala biliyan ɗaya. Akwai kuma Cars & Bids da aka kafa a 2020 domin motocin shekarun 1980 zuwa yau, da Collecting Cars na Birtaniya. Annobar korona, wadda ta sa aka soke taron Monterey na 2020, ita ce ta kora masu saye da yawa zuwa gaban kwamfuta, suka ɗanɗana, suka zauna.

Batun la'ada shi ne inda intanet ta yi wa zaure fintinkau, kuma lissafinsa ba ya buƙatar gardama. A gwanjon da manyan gidaje irin su RM Sotheby's da Gooding suke yi a Amurka, abin da aka saba shi ne mai saye ya biya kashi 12 a kan dala 250,000 na farko, sannan kashi 10 a kan abin da ya haura. A Turai la'adar ta fi haka tsada, ga kuma harajin VAT da ake ɗorawa a kan ita la'adar kanta. Bring a Trailer kuwa kashi 5 yake karɓa daga mai saye, kuma ya yi wa kuɗin iyaka, wadda ta daɗe a kan dala 5,000 kafin a ɗaga ta zuwa 7,500 a 2024. Saboda haka motar da aka sallama a kan dala 100,000, la'adarta 12,000 ce a zaure, 5,000 a intanet. Idan ta kai 200,000, sai a ga 24,000 a can, 7,500 a nan. Idan kuwa ta kai miliyan ɗaya, mai saye a zaure zai ƙara dala 105,000, alhali na intanet yana nan a kan 7,500 ɗinsa. Mai mota ma ba a bar shi ba: gidajen zaure suna cire nasu kason daga hannunsa, wanda kan kai kashi 10 a kan motoci masu matsakaicin daraja, ban da kuɗin shigar da mota da na kai ta wurin gwanjon, yayin da a Bring a Trailer dala 99 ce kuɗin jera mota a tsari mafi sauƙi. Sai dai fa wannan kaso na mai mota ana sasantawa a kansa, kuma wanda ya zo da motar da kowane gida ke kwaɗayin gani a bangon kundinsa yakan sa a sauke masa shi har ƙasa.

Abin da mai saye ya kamata ya riƙe shi ne, la'adarsa a ƙarshe daga jikin mai mota take fita. Wanda ya ƙudurta cewa dala 112,000 ce iyakar abin da zai kashe, a zaure zai tsaya da tayi a kan 100,000, a intanet kuwa zai iya kai wa kusan 106,000 bai wuce iyakarsa ba.

To me ya sa har yanzu masu manyan motoci suke ɗaukar su su kai zaure? Amsar ita ce, abin da la'adar zaure ke saye shi ne taron mutanen da ke cikinsa. Motar da ta fi kowace tsada a tarihin gwanjo, Mercedes-Benz 300 SLR Uhlenhaut ƙirar 1955 wadda guda biyu kacal aka ƙera, an sayar da ita ne a kan yuro miliyan 135 a watan Mayun 2022, a gidan tarihin Mercedes da ke Stuttgart ta Jamus, a gaban wasu 'yan tsirarun masu kuɗi da RM Sotheby's ya gayyata da hannunsa. Ferrari 250 GTO, wadda guda 36 aka yi tsakanin 1962 da 1964, ta kawo dala miliyan 38.1 a hannun Bonhams a 2014, wata kuma ta kawo miliyan 48.4 a Monterey a 2018. Irin wannan ciniki ba ya faruwa don an liƙa hotuna an zauna jira. Ma'aikatan gidan gwanjo sun san wa ke neman me, sun san wanda ya rasa irin wannan motar shekara biyar da ta wuce kuma har yanzu abin yana cin sa, sai su yi watanni suna bugun waya kafin ranar. Gwanjo mutum biyu masu taurin kai yake buƙata, kuma aikin gidan shi ne ya tabbatar su biyun sun zauna a ɗaki ɗaya a sa'a ɗaya. Ba wai intanet ba ta taɓa ganin babban kuɗi ba, don a 2022 an sayar da LaFerrari Aperta a Bring a Trailer a kan dala miliyan 5.36, amma a lura da irin motar: ƙirar 2017 ce, kusan sabuwa, wadda ba a jayayya a kan asalinta ko tarihinta.

Akwai wani aiki kuma da zaure ke yi wanda ba a cika yaba masa ba sai ranar da ciniki ya ɓaci. Gidan gwanjo yana tantance masu tayi tun kafin ya ba su lamba, yakan nemi takardar banki ko kafin alƙalami, kuma shi yake karɓar kuɗin, ya riƙe motar da takardunta har sai kuɗi sun shiga. A intanet galibi dandalin haɗa mutum biyu kawai yake yi: ya cire la'adarsa daga katin mai saye, ya ba su lambar juna, sauran magana tsakaninsu. Tura dala dubu tamanin ga mutumin da ba a taɓa gani ba, a wata jiha ko wata ƙasa, abu ne da ke buƙatar ko dai a je da kai, ko a bi ta hannun amintaccen kamfani mai riƙe kuɗi har mota ta canza hannu.

Inda na fi son mai karatu ya dakata shi ne batun ganin motar, domin a nan ne mutane suka fi yaudarar kansu, kuma ta fuska biyu. An ɗauka cewa a zaure gani ya kori ji, tunda mota ga ta a gabanka kwana biyu ko uku kafin gwanjo. Gaskiya ne za ka taɓa ta, ka buɗe bonet, ka zauna a kujerar direba, ka shaƙi warin tsohuwar fata da man fetur. Amma an wanke ta an goge, an ajiye ta ƙarƙashin fitilun da ke ɓoye aibin fenti, ba lallai ne a ɗaga maka ita sama ka ga cikinta ba, kuma tuƙin gwaji, in ma an yarda, ɗan zagaye ne da injin da aka riga aka ɗumama. Kundin da ke hannunka kuwa, duk kyan rubutunsa, wakilin mai mota ne ya rubuta shi. Wanda ya san abin da yake yi za ka gan shi kwance a ƙasa da tocila yana leƙa ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi inda tsatsa take fara ci, yana bin jikin motar da ɗan maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle, domin duk inda maganaɗisun ya ƙi kamawa a jikin ƙarfe, in dai ba na alminiyam ba ne, to akwai cikon da aka shafe aka bi da fenti. Masu sana'ar suna da na'urar auna kaurin fenti da ke yin wannan aikin da lamba.

A intanet kuma an ɗauka cinikin biri a sama ne, alhali sau da yawa bayanin da ake samu a can ya fi na kundin zaure yawa. Mota guda takan zo da hotuna ɗari biyu ko uku, har da na ƙarƙashinta, da bidiyon tayar da inji da sassafe yana sanyi, wanda shi ne lokacin da hayaƙi da ƙarar da ba ta dace ba suke tona asiri. Gwanjon yakan ɗauki kwana bakwai, kuma a cikin kwanakin nan masu irin wannan motar, da tsofaffin makanikai, da masu son nuna sani, duk suna yi wa mai mota tambayoyi a bainar jama'a. Wani zai ce sitiyarin nan ba na wannan shekarar ba ne, wani ya nemi hoton lambar da ke jikin injin, wani ya tuna cewa ya ga motar da wani launi daban shekaru da suka wuce. Mai motar da ya riƙa kewaye-kewaye wajen amsa ya riga ya ba da amsa. Duk da haka hoto ba ya nuna giyar da ke ƙin shiga, ba ya nuna motar da ke ja gefe idan an taka birki. A duka hanyoyin biyu ana sayar da mota ne yadda take, ba a mayarwa don an gano aibi daga baya, saboda haka kuɗin da za a biya ƙwararren makanike mai zaman kansa, wanda ya san wannan ƙirar musamman, ya je ya duba ta kafin a taya, shi ne kuɗi mafi albarka a cikin cinikin gaba ɗaya. A nan kwana bakwai na intanet sun fi kwana biyu na zaure ba da sarari.

Bayan ƙarfe sai takarda. Darajar irin waɗannan motoci tana rataye ne a kan ko injin da giyar da ke cikinta su ne waɗanda ta fito da su daga masana'anta, wato lambobinsu sun yi daidai da na shasi, da kuma sanin hannuwan da ta bi da tseren da ta shiga. Kamfanin Ferrari ya buɗe sashen Classiche a 2006 domin ba da shaidar wannan asali. Agogon nisan tafiya na tsofaffin motoci da yawa lamba biyar gare shi, yana komawa sifiri bayan 99,999, don haka abin da ya nuna ba hujja ba ne sai da rasidan gyara da ke mara masa baya. Gwargwadon yadda darajar mota ta koma kan tarihinta, gwargwadon haka zaure yake ƙara rinjaye, saboda manyan gidaje suna da masu bincike, kuma sunansu yana cikin haɗari idan suka shaidi ƙarya. Motocin wani Bafaranshe mai suna Roger Baillon kusan sittin da aka gano a yammacin Faransa suna ruɓewa ƙarƙashin rumfuna misali ne mai kyau. A cikinsu akwai Ferrari 250 GT California Spider ƙirar 1961 da aka tarar an jibga mata tarin mujallu, kuma Artcurial ya sayar da ita a Faris a 2015 a kan sama da yuro miliyan 16, da ƙurarta da lanƙwasarta. Labarin aka saya tare da motar, kuma labari yana son mai iya ba da shi a gaban taro.

Sai zafin tayi, wanda kowace hanya take da irin nata. A zaure rabon kowace mota 'yan mintoci ne. Ga kiɗa, ga fitilu, ga ma'aikacin gidan ya tsaya a gabanka yana kallon ƙwayar idonka yana jiran ka gyaɗa kai, ga jama'a suna tafi duk lokacin da aka haura wani adadi. Mutum ya shigo da iyakarsa a zuciya, kunya da gasa su sa ya tsallake ta sau biyu bai ankara ba. Ya kamata a sani kuma cewa a wurare da yawa doka ta yarda mai guduma ya riƙa tayi a madadin mai mota har zuwa ƙasa da farashin sallama, wato adadin da mai mota ya ce ba zai sayar ƙasa da shi ba, muddin an rubuta haka a sharuɗɗan gwanjo, don haka ba kowane tayi da aka ji ba ne yake da mutum a bayansa. Ruɗani ma yana faruwa: a Monterey a 2019, lokacin gwanjon Porsche Type 64 ƙirar 1939, mai guduma ya buɗe da dala miliyan 13, aka ji kamar 30 ya ce saboda kusancin lafazinsu a Turanci, allo ya yi ta hawa har ya nuna miliyan 70 a inda tayin yake 17, kuma da aka gyara sai zauren ya yi sanyi, motar ta fita ba a sayar ba. A intanet babu tafi, amma akwai agogo. A Bring a Trailer duk tayin da ya shigo a minti biyun ƙarshe yana mayar da agogon minti biyu cif, ta yadda gwanjon da ya kamata ya ƙare da ƙarfe uku zai iya kai wa uku da rabi, mutum yana zaune shi kaɗai da waya a hannu yana ƙara ɗari biyar-biyar yana ce wa kansa wannan ne na ƙarshe. Maganin duka biyun ɗaya ne: a rubuta adadin ƙarshe a takarda tun kafin a fara, da la'ada da haraji da kuɗin jigila a ciki.

Ga mai sayarwa, tambayar da ta fi zaɓen dandali wuya ita ce ko zai gindaya farashin sallama, wato adadin da idan tayi bai kai ba zai ce albarka ya ɗauki motarsa. Barrett-Jackson ya yi suna da gwanjon da ko nawa aka taya an sayar, kuma hujjar masu wannan tsari tana da ƙarfi: idan masu saye suka tabbata mota za ta tafi yau, sukan taru da yawa da fatan araha, sai su da kansu su ɗaga farashin. Wannan yana aiki ga motar da masu nemanta suke da yawa, kamar Porsche 911 ko Mustang ko tsohuwar Land Cruiser. Ga motar da masu sonta a duniya ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, caca ce, domin idan biyu daga cikinsu ba su zo ba ranar, an gama. Amma farashin sallama shi ma yana da nasa cizon. Motar da aka fitar ba ta sayu ba, tayin da ta tsaya a kai yana nan a rubuce a intanet tare da lambar shasinta, kuma duk wanda zai taya ta nan da shekara biyu daga wannan adadin zai fara magana. A zaure asarar ta fi ciwo saboda an jira watanni, an biya jigila, kuma wataƙila ma an sa motar a farkon yini kafin zaure ya cika, ko a ƙarshen dare bayan ya watse. Wanda zai kai mota zaure ya nemi a rubuta masa rana da lokacin da za ta fito kafin ya sa hannu.

Idan motar za ta tsallaka iyaka, shekarunta suna shiga lissafi. Amurka tana barin a shigo da motar da ba a ƙera don kasuwarta ba idan ta cika shekara 25, abin da ya sa farashin wasu motocin Japan kamar Nissan Skyline GT-R yake tashi yayin da suka kusa cika wannan wa'adi. Birtaniya kuma tana rage harajin VAT na shigo da motar tarihi da ta haura shekara 30 zuwa kashi 5. Gidajen zaure sukan buƙaci a biya kuma a kwashe mota cikin 'yan kwanaki, in ba haka ba kuɗin ajiya ya fara hawa.

A ganina, motar da darajarta ba ta kai dala 250,000 ba, wadda aka ƙera dubbai irinta kuma ana iya gane lafiyarta ta hanyar dubawa, intanet ta fi dacewa da ita ga mai saye da mai sayarwa baki ɗaya, da sharaɗin a tura makanike kuma a bi da kuɗi ta hanya amintacciya. Motar da ta haura miliyan ɗaya, ko wadda darajarta take cikin tarihin tsere ko sunan wanda ya taɓa mallakarta, zaure ne wurinta, kuma la'adarsa ba asara ba ce. Wanda ke saye da niyyar riba kawai, ko ta wace hanya, ya tuna cewa bayan rasuwar Enzo Ferrari, wanda ya kafa kamfanin Ferrari, a 1988 farashin motocinsa ya yi tashin gwauron zabo, sannan ya rufto a farkon shekarun 1990, ya bar waɗanda suka ci bashi suka saya da motocin da ba su kai rabin abin da suka biya ba. Tsakanin dubu 250 da miliyan ɗaya ne zaɓin yake da wuya da gaske, kuma a nan mai mota ya nemi gida biyu na zaure da dandali ɗaya na intanet, kowanne ya rubuto masa ƙiyasinsa, da kason da zai cire, da farashin sallamar da zai amince da shi, sannan ya duba abin da irin motarsa ta kawo a kowane ɗayansu cikin watanni goma sha biyu da suka wuce, ya cire la'ada da jigila, ya kwatanta abin da zai rage a hannunsa.